Kyauta ko Ciniki? Tarihin Haƙƙin Mallakar Waƙa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa



Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan karin magana ya fito ne daga zamanin da babu wata hanyar jin waƙa sai daga bakin mai itan, ko daga bakin wanda ya haddace ta. Tun daga ranar da aka ƙago na'urar ɗaukar murya kuwa, waƙa ta sami ikon barin bakin mai ita, ta shiga faifai, ta shiga kaset, ta shiga akwatin rediyo, ta yi ta yawo a duniya tana tara kuɗi alhali mai ita yana barci, ko ma yana kwance cikin kabarinsa. Daga nan ne tambayar da za mu tattauna a yau ta taso, watau idan waƙa ta bar bakin mai ita, wane ne mai ita?

Abin da nake so in nuna shi ne, makaɗin Hausa ya tashi cikin tsarin kyauta, sa'an nan na'ura da doka suka shigar da shi cikin tsarin ciniki ba tare da an fayyace masa bambancinsu ba. Da yawa daga cikin mawaƙanmu sun karɓi kuɗi daga hannun ɗan kasuwa suna godiya, a zatonsu kyauta aka yi musu, alhali shi mai bayarwa a ransa saye ya yi. Za mu bi tarihin yadda haka ta faru, musamman a nan Kaduna, kana mu duba ma'anar sharuɗɗan da ake rubutawa cikin yarjejeniyar waƙa.

Waƙa Kafin Zuwan Na'ura

A ƙasar Hausa ta dauri, kusan kowane makaɗi yana da ubangida. Akwai makaɗan fada, kamar Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo wanda gidansu ya tashi a ƙarƙashin sarautar Maradun. Akwai kuma makaɗan sana'a, masu yi wa maƙera ko mahauta ko manoma ko 'yan dambe, irin su Ɗan Anace. Ladan makaɗi a wannan tsari kyauta ce, riga ko rawani ko doki ko damen hatsi, wani lokaci har gona. Da zamani ya canja aka koma mota da kujerar Makka. Abin lura shi ne ana yin kyautar ne saboda wasan da aka yi a gaban mai kyauta. Idan makaɗi ya sake rera waƙar gobe, za a sake yi masa wata kyautar. Idan kuwa 'yammata suka ɗauki waƙar suka kai ta dandali, ba wanda zai ce sun ci masa haƙƙi, hasali ma ƙarin suna suka yi masa.

Kada a ɗauka cewa al'adarmu ba ta san mai abu ba. Ta san shi sarai. Jama'a sun san gindin kowace shahararriyar waƙa da wanda ya yi ta da wanda aka yi wa, kuma makaɗin da ya ɗauki waƙar wani ya ce tasa ce ya jawo wa kansa abin gori. A fagen rubutacciyar waƙa abin ya fi haka fitowa fili, domin malamai sun saba sa sunansu a baitocin ƙarshe, su kuma sa ramzin shekarar da suka yi ta. Wanda ya yi wa waƙar wani tahamisi yakan ambaci mai asalin. Alal misali, waƙar nan Tabbat Haƙiƙa, an san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Duk ukun tarihi ya riƙe sunayensu da aikin kowa.

Saboda haka muna iya cewa kakanninmu sun tsare haƙƙin suna. Abin da ba su tsara masa ƙa'ida ba shi ne haƙƙin kuɗin da ke fitowa daga yaɗa waƙa, don kuwa a lokacin babu abin yaɗa ta da za a sayar.

Yadda Turawa Suka Mayar da Waƙa Dukiya

A Turai injin buga littattafai ne ya haifar da matsalar. A shekarar 1710 Majalisar Ingila ta yi dokar da ake kira Dokar Sarauniya Anne, wadda ta ba marubuci ikon hana kowa buga littafinsa har shekara 14, da ƙarin wata 14 in yana raye. A 1777 wani mai tsara kiɗa, Johann Christian Bach, ya yi nasara a kotun Landan a kan wani kamfanin da ya buga kiɗansa ba izini, kotu ta yanke cewa kiɗan da aka rubuta a takarda shi ma rubutu ne. Daga nan sana'ar mawallafin waƙa ta ƙarfafa, watau kamfanin da ke karɓar waƙa daga hannun mai ita, ya buga ta, ya tallata ta, su raba abin da aka samu. Har yau sunan nan na mawallafi ake amfani da shi a cikin yarjejeniya, ko da yake takardar kiɗa ta daina zama babbar hanyar samun kuɗi.

Mataki na biyu a Faransa aka taka shi. A 1847 wani mawaƙi mai suna Ernest Bourget ya zauna a wani gidan shaƙatawa a Faris, ya ji ana rera waƙarsa don jawo masu saye, sai ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha, yana cewa su ma ba su biya shi ba. Magana ta kai kotu, aka ba shi gaskiya. A 1851 mawaƙan Faransa suka kafa ƙungiyar SACEM don ta riƙa karɓar musu kuɗi daga duk inda aka yi amfani da waƙoƙinsu a bainar jama'a. Ingila ta kafa irin tata, PRS, a 1914. A tsakanin haka, a 1886, waɗansu ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Berne don kowace ƙasa ta kare haƙƙin marubutan 'yar'uwarta.

Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya a 1877, garmaho mai faifai ya biyo baya, sai Ingila ta sabunta dokarta a 1911. Sabuwar dokar ta ba mai waƙa iko a kan ɗaukar ta a faifai, ta kuma tsawaita kariya zuwa tsawon ransa da shekara 50 bayan rasuwarsa. Wannan doka ce aka shimfiɗa wa Nijeriya ta Arewa da ta Kudu a 1912, shekara biyu kafin a haɗe su. Ita ta yi ta aiki a ƙasar nan har 1970. Amma doka ce da aka yanka bisa ma'aunin mutumin da ke rubuta kiɗansa a takarda ya kai wa mawallafi. Makaɗin taushi ko kalangu ko kotso a ransa yake ajiye waƙarsa, bai kuma san da wata doka da aka yi a Landan ba.

Kaduna, Garin da Ba a Gina a Gindin Fada ba

Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato birane ne da suka tashi a kewayen fadar sarki. Kaduna kuwa Turawa suka zaɓe ta, suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa cikinta a 1917. Mutanen da suka cika ta soja ne da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan ƙodago, masu karɓar albashi a ƙarshen wata. Unguwanni irin su Abakpa, wadda Hausawa ke kira Abakwa, a nan arewacin kogi, sun tashi ne a gefen barikin soja, suka tara ƙabilu iri iri. A irin waɗannan unguwanni makaɗi ya haɗu da sabon mai sauraro wanda ba ubangidansa ba ne, mutumin da zai biya kuɗin ƙofa ya shiga wasa a otal, ya yi liƙi in ya ji daɗi, ya sayi faifai ya kai gida in yana da garmaho. A nan ne kiɗan Hausa ya fara zama haja.

A watan Maris na 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, a ƙarƙashin Kamfanin Watsa Labarai na Nijeriya ta Arewa. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa kamfanin tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Shi EMI kuwa yana cikin manyan kamfanonin faifai na duniya a wancan zamani. Wannan gidan rediyo ya yi wa kiɗan Hausa hidimar da ba za a manta ba. Shi ya kai muryar Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji da Barmani Coge ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba, har ƙetaren iyaka zuwa Nijar da Kamaru da Gana. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka sun sa waƙa ta zama abin aikawa da gaisuwa tsakanin 'yan'uwa. Ɗakin ajiyarsa kuma ya tsare muryoyin da da sun ɓace.

Sai dai ta fuskar mallaka, rediyo da kamfanin faifai sun zo wa makaɗi ne da kamannin ubangida. An gayyace shi, ya yi wasa, an sallame shi, sunansa ya ƙara tashi, gayyatar biki ta ƙaru. A lissafinsa na gargajiya ya ci riba. Abin da lissafin nan bai ƙunsa ba shi ne, wasan da ya yi sau ɗaya ya zauna cikin na'ura, za a kuma iya maimaita shi sau dubu ba tare da an sake kiransa ba. A Turai akwai mawallafi da ƙungiyar karɓar kuɗi masu bin sawun kowace maimaitawa. A ƙasar Hausa sana'ar mawallafin waƙa ba ta kafu ba, sai mai na'ura ya zama shi ne mai ɗauka, shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai sayarwa.

Dokokin Bayan Mulkin Kai da Zamanin Kaset

A watan Disamba na 1970 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Dokar Soja mai lamba 61, wadda ta maye gurbin dokar Ingila. Ita ce dokar haƙƙin mallaka ta farko da aka yi a gida, amma ta rage wa'adin kariyar waƙa zuwa shekara 25 bayan rasuwar mai ita, hukuncinta ba shi da tsanani, ba ta kuma kafa wata hukuma da za ta tsare ta ba. Ana cikin haka kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya mamaye kasuwanninmu. Faifan garmaho sai masana'anta ke iya buga shi, kaset kuwa duk mai rikoda biyu yana iya kwafarsa a cikin shago. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar wannan ciniki a Arewa. Waƙa ta yaɗu fiye da kowane lokaci, rabon mai ita kuwa ya ƙara ƙanƙancewa. Kamfanonin faifai na ƙetare su ma suka ga ba riba, suka janye, rassansu suka koma hannun 'yan ƙasa da sababbin sunaye.

Mawaƙan Kudu ne suka fara haɗa kai. Sun kafa ƙungiyarsu ta PMAN a 1982, aka kuma kafa MCSN a 1984 don karɓar kuɗin amfani da waƙa. A ƙarshen 1988 mawaƙa suka yi zanga-zanga a kan satar fasaha, a watan Disamba na shekarar Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Dokar Soja mai lamba 47. Wannan doka ta kai wa'adin kariyar waƙa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta ba sautin da aka ɗauka shekara 50, ta kafa majalisar da daga baya ta zama Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, ta tabbatar da haƙƙin ambaton sunan mai aiki, ta kuma sa kariya a kan waƙoƙin gargajiya waɗanda ba a san mai su ba. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993.

Ga wanda ke shakkar ko wannan haƙƙi baƙon abu ne ga addini, a cikin watan nan na Disamba 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta tsare wa masu ita, bai halatta a ƙetare musu iyaka ba.

Shari'u Biyu Masu Darasi

Akwai shari'u biyu daga wajen ƙasar Hausa waɗanda suka isa su zama madubi ga mawaƙanmu. Ta farko ita ce ta Solomon Linda, Bazulun Afirka ta Kudu. A 1939 ya rera waƙarsa Mbube a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a Johannesburg, aka biya shi sule goma. Waƙar ta ƙetara Amurka, aka sake mata riga, ta fito a 1961 da sunan The Lion Sleeps Tonight, ta kuma shiga fim ɗin Disney na The Lion King a 1994. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A 2004 lauyoyin magadansa suka shigar da ƙara, hujjarsu kuwa wani sashe ne na dokar Ingila ta 1911, wanda ya ce duk cinikin da mai aiki ya yi a kan haƙƙinsa yana ƙarewa shekara 25 bayan rasuwarsa, haƙƙin ya koma ga magadansa. A 2006 aka yi sulhu, aka biya iyalinsa, aka kuma amince da sunansa cikin masu waƙar. Ku tuna, wannan dokar ta 1911 ita ce ta yi mulki a nan Kaduna daga 1912 zuwa 1970. Turawan da suka yi ta sun san cewa mai fasaha yakan sayar da arha a lokacin da yake cikin matsi, shi ya sa suka bar wa 'ya'yansa ƙofa.

Ta biyu ita ce ta Sunny Ade, sarkin kiɗan juju na ƙasar Yarabawa, da kamfanin African Songs na Cif Bolarinwa Abioro. Sun ƙulla yarjejeniyar shekara biyar a 1970, suka saɓa a kan rabo, magana ta kai kotu a Ikko a tsakiyar shekarun 1970. Wa'adi ya cika amma uwayen ɗaukar, watau kaset na asali da ake buga sauran daga jikinsu, suka ci gaba da zama a hannun kamfani. Sunny Ade ya sake kai ƙara a 1997, sai a 2015 Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya shi Naira miliyan 500, a kuma mayar masa da kayansa. Shekara 45 ke nan daga ranar sa hannu. Darasin a nan shi ne, rubutaccen wa'adi ne ya cece shi. Da an rubuta cewa ya sallama har abada, da ba shi da abin faɗa a gaban alƙali.

Ma'anar Sharuɗɗan Yarjejeniya

Dokar da ke aiki a yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ta ita ce mu kwatanta waƙa da gona, don kuwa kowane Bahaushe ya san bambancin saye da aro da haya da jingina.

Abu na farko, cikin kowane faifai akwai dukiya biyu. Akwai waƙar kanta, watau kalmominta da karinta, wadda ta mai ƙirƙirar ta ce. Akwai kuma sautin da aka ɗauka a rana kaza a ɗaki kaza. Waƙar ita ce gona, sautin kuwa amfanin damina ɗaya ne. Mutum na iya sayar da amfanin bana gonar tana hannunsa, ya sake nomawa baɗi. Yarjejeniyar da ta haɗa biyun cikin jimla ɗaya ta cancanci a karanta ta sau biyu. Har ila yau, doka ba ta kare waƙa sai an tabbatar da ita cikin wani abu, ko rubutu ko ɗaukar murya. Saboda haka mawaƙin da ya rubuta waƙarsa ko ya ɗauke ta da wayarsa kafin ya kai ta wurin kowa ya kafa wa gonarsa iyaka ke nan.

Na biyu, akwai sallamawa, akwai izini. Sallamawa saye ne, mallaka ta tashi daga hannun mawaƙi ta koma hannun kamfani, har shi kansa sai ya nemi izini kafin ya sake buga waƙar. Izini kuwa haya ce, mallaka tana nan wurin mai ita. Izinin ma iri biyu ne, na keɓe wanda ba a ba kowa irinsa, da na tarayya wanda ake iya bai wa mutane da yawa. Doka ta ce sallamawa da izinin keɓe ba sa tabbata sai da rubutu. Izinin tarayya ne kaɗai ake iya ƙullawa da baki. Ma'anar wannan ita ce, mawaƙin da ya karɓi kuɗi a hannu ba tare da takarda ba, a idon doka bai sayar da gonarsa ba, ko da mai biyan ya ɗauka ya saya. Hatsarin yana ga ranar da aka miƙo masa takarda da Turanci aka ce ya sa hannu shaidar ya karɓi kuɗi, alhali a cikinta an rubuta sallamawa.

Na uku, yarjejeniyar mawallafi takan zo da siga uku. A ta farko mawaƙi ya sallama waƙar dungum, a riƙa ba shi kaso, a bisa tsohuwar al'adar Turai rabi da rabi. A ta biyu su yi tarayya cikin mallakar, rabon mawaƙi ya ƙaru. A ta uku mallaka ta zauna wurin mawaƙi, kamfani ya zama wakili mai bin bashi, ya cire la'adarsa, galibi tsakanin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Wannan ta uku ita ta fi kusa da dillancin da muka sani a kasuwa, inda dillali ba ya zama mai saniya don ya sayar da ita.

Na huɗu, a duba wa'adi da yanki da hanya. Shekara nawa? A Nijeriya kaɗai ko a duniya duka? A kaset kaɗai, ko a fim da talla da intanet, har da hanyoyin da ba a ƙago ba tukuna? Mawaƙan da suka sa hannu a zamanin garmaho ba su san YouTube zai zo ba, amma jimla ɗaya mai cewa ta kowace hanya ta isa ta haɗiye shi. A kuma rubuta abin da zai faru ranar da wa'adi ya cika, musamman mayar da uwar ɗauka. Dokar Amurka ta 1976 ta ba mai aiki ikon warware cinikinsa bayan shekara 35. Mawaƙinmu kuwa gara ya rubuta wa kansa irin wannan ƙofa cikin takardarsa.

Na biyar, kuɗin da ake bayarwa tun farko. Sau da yawa wannan kafin alƙalami ne, za a cire shi daga kason mawaƙi kafin ya sake ganin ko kwabo. A nan ne tsohuwar ɗabi'ar kyauta ta fi yin ɓarna, domin abin da aka yi wa godiya bashi ne. Tilas takarda ta faɗi kason mawaƙi, da lokacin biya, da ikonsa na duba littafin lissafi.

Na shida ya shafi tsarin kiɗanmu musamman. Makaɗin Hausa ba shi kaɗai yake waƙa ba, yana da 'yan amshi masu yi masa ƙari, wani lokaci su ne ke kawo ɗan waƙa sukutum. A zamanin yau kuma wani ke rubutawa, wani ya rera, wani ya haɗa kiɗa a kwamfuta. Doka ta san tarayya cikin ƙirƙira, saboda haka ya kamata a rubuta rabon kowa tun ana shiri, kafin kuɗi su shigo su raba zumunci. Ga ma'aikatan Gwamnati kuma akwai abin lura, aikin da aka yi bisa umarni da kulawar Gwamnati, kamar na ƙungiyar wasan gargajiya ta wata ma'aikata, mallakarsa ta Gwamnati ce in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba.

Daga Fim Zuwa Intanet, da Batun Gado

Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, sun haifar da sabon rukunin mawaƙa, amma tsohon tsari suka gada. Mai shirya fim ya biya mawaƙi sau ɗaya, shi kuma ya miƙa fim ga 'yan kasuwa. Da wayar hannu ta yawaita, masu tura waƙa a kan titi suka karɓe cinikin. Wannan ne ya mayar da mawaƙa da yawa ga ubangida, watau ɗan siyasa da mai biki, tamkar yadda kakanninsu suka dogara ga fada. Intanet kuwa, duk da illarsa, ya zo da abin da kaset bai taɓa kawowa ba, shi ne ƙidaya. Na'ura tana lissafa kowace saurarawa, ana kuma biyan wanda ya yi rajistar waƙar da sunansa. Tambayar wane ne mai ita ta zama tambayar asusun wa kuɗi za su faɗa.

Wannan ya kawo mu ga magada. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Bisa ƙa'idar shekara 70, waƙoƙin Ɗanƙwairo na cikin kariya har ƙarshen 2061, na Shata har 2069, na Barmani har 2083, na Ɗan Maraya har 2085. Sautin da aka ɗauka kuwa wa'adinsa ya fi gajarta, wanda aka fitar a 1980 kariyarsa na ƙarewa a ƙarshen 2030. Haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gado kamar gida da gona. Amma a wurin rabon gadon makaɗi akan lissafa gidaje da motoci da riguna, a manta da abin da ya fi su tsawon rai.

Kammalawa

Jami'o'inmu sun yi ƙoƙari wajen nazarin waɗannan bayin Allah. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. Aikin da ya rage na lissafi ne da na doka. Ana bukatar cikakken jerin abin da ke ajiye a gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato da cibiyoyin nazari na jami'o'i, kowace waƙa da sunan mai ita da shekarar ɗaukarta da sunan wanda ya gaje ta. Ana bukatar samfurin yarjejeniya da Hausa, a boko da ajami, wanda mawaƙi zai karanta da kansa ko a karanta masa ya gane. Ɗaliban shari'a da na Hausa su ne suka dace da wannan aiki, ma'aikatan ma'aikatun al'adu da na watsa labarai kuwa su ne makullan ɗakunan ajiyar ke hannunsu.

Kyauta al'adarmu ce mai kyau, ba kuwa wanda ke neman a daina ta. Sarki ya ba da doki, attajiri ya ba da mota, makaɗi ya yi godiya. Amma ranar da aka ajiye na'ura a gaban mawaƙi aka miƙo masa alƙalami, ya sani ya bar fada ya shiga kasuwa, kuma a kasuwa sai an ji farashi da abin da aka saya kafin a ce albarka.